Ƙugiya a Tsakanin Taragu

Mai birkin jirgin ƙasa bai taɓa son ɗamarar tsaron da aka raba wa ma'aikata ba. Cewa yake igiyar ɗaure akuya ce. A daren nan ma da ya je duba mahaɗar taragun jirgin kaya, ƙugiyar ɗamarar na reto a gefensa, bai maƙala ta a sabon ƙarfen kariya ba.

Jirgin na jan jiki cikin duhu. Sai warin tsatsa da tsohon giris ya cika masa hanci, sanyi ya ratsa tafin hannunsa. Daga ɗaya gefen mahaɗar wani dattijo ya leƙo, sanye da kakin ma'aikata irin wanda aka daina ɗinkawa tuntuni, yana shafa sabon ƙarfen kamar kan jariri.

"Yaushe aka sa wannan, ɗana?"

"Bai daɗe ba, Baba."

"Mu a zamaninmu babu shi. Maƙala ƙugiyarka."

Muryar ba daga bakinsa take fitowa ba, daga ƙarƙashin tarago take tasowa. Mai birki ya maƙala ƙugiyar a ƙarfen.

Nan take jirgin ya fizga. Ƙafarsa ta zame, ya rufta tsakanin taragun, ɗamarar ta cafe shi yana lilo, tayoyin ƙarfe na gurnani dab da takalminsa.

Ya ɗaga tocila don ya yi godiya. Dattijon na nan dafe da ƙarfen, yana murmushi. Daga ƙugunsa zuwa ƙasa babu komai, sai layin dogo yana wucewa.