Gam Ɗin Bai Kama Ba

"Mika, don Allah ka ba ni shi yau..."

Leah ce tsaye a ƙofar shagon, idanunta sun yi jajir. Mika bai ɗago ba, yana ta goge gefen akwatin da tsumma.

"Ba ya bayuwa yau, masoyiyata. Gam ɗin bai kama ba."

Wannan ɗan akwatin, aurensu ne kacokan a cikinsa. Mahaifinta, Saja Arzika, tsohon soja ne mai riƙon al'ada, ya rantse babu mai ɗaukar 'yarsa sai ya yi golmo, wato noman da saurayi ke yi wa surukinsa shekara da shekaru. Shi kuwa Mika kafinta ne, ƙafarsa ɗaya ta shanye tun yana yaro, ina shi ina garma? Da ƙyar da siɗin goshi, da roƙon Mama da na fasto, Saja ya sassauto. Ya ɗauko hoton Solomon, ɗansa da ya rasu a bakin daga, hoto ɗaya tal da ya rage musu na shi cikin kaki. Ya ce a yi masa mazaunin da ƙura da ruwa ba za su taɓa shi ba kafin Lahadi. In ya yi kyau, golmon Mika ke nan.

Mika ya zuba duk iyawarsa. Ya fafe katakon maɗaci, ya saka hoton a ciki, ya yanko gilashin roba garai-garai ya ɗora a fuska. Ya sha gaya wa Leah cewa katako na kumbura da damina ya tsuke da rani, shi kuma gilashin roba nasa motsin daban, don haka silikon kaɗai ke riƙe su, gam mai laushi da ba a yi masa gaggawa. Ruwan da aka kwana biyu ana yi ya hana shi bushewa, sai jibi.

Gobe kuwa Lahadi. Bayan an taso daga coci dangin Godswill, kofur ɗin da Saja ya fi so ta aura, za su zo gaisuwa.

Mika ya ce zai roƙi Baba ya ƙara masa kwana ɗaya. Leah ta yi murmushin takaici, don ta san ubanta, maganarsa ba ta da ƙari.

Yana fita kai wata ƙofa da ya ƙera garin Manga, ta naɗe akwatin a zani ta yi gaba.

Tun kafin ta isa gida gefen gilashin ya ɗago. Hankalinta ya tashi, ta biya shagon ƙawarta Praise mai gyaran waya. Wai ita da wayonta, ta manta Praise ƙanwar Godswill ce! Praise ta duba, ta miƙo mata sufa gulu, gam mai kamawa nan take.

"Zuba shi ta ciki, ki zagaye duka. Yanzu-yanzu za shi kama."

Ta zuba, ta danne, ta sake naɗewa. Har godiya ta yi mata.

Da safe, a gaban Saja da Mama, ta kwance zanin.

Gilashin ya yi fari fat, kamar an shafa masa koko. Gam ɗin ya gangara ya manne hoton da gilashin. Saja ya sa wuƙa ya ɓamɓare, sai fuskar Solomon ta biyo gilashin, kakin kaɗai ya rage a takarda.

Mama ta zube ƙasa. Kukan da ta yi ranar da aka kawo labarin mutuwarsa, shi ta sake yi.

Ana cikin haka Mika ya shigo yana ɗingishi, ya zo neman alfarmar kwana ɗaya, bai san an ɗauke akwatin ba. Kallo ɗaya ya yi wa farin tabon ya gane komai. Ya dubi Leah, ya durƙusa.

"Baba, kuskurena na. Ni na canza gam."

Leah ta yi wuf ta ce, "Ƙarya yake, Baba! Ni ta... ni na ɗauko shi, ni na zuba..."

Saja ya daɗe yana kallonsu. Bai yi tsawa ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Ka ɓata min ɗa, yanzu kuma ka koya wa ɗiyata ƙarya. Tashi ka bar gidana."

Ta rantse, ta kama ƙafarsa, ta ce a kira Praise. Babu wanda ya saurare ta. Ta bi Mika da gudu ta cim masa a bakin zaure, ta riƙe masa riga tana kuka.

"Don mi, Mika? Don mi ba ka bari ya san gaskiya ba?"

Ya zare hannunta a hankali, idonsa cike da hawaye.

"Ko ni ko ke, zuciyata, auren ya riga ya tafi tare da hoton nan. Ni in ya tsane ni, garinmu Bena zan koma, ba ya sake ganina. Ke kuwa kullum a gabansa za ki kwana ki tashi..."

Ya juya ya kama hanya, bai waiwayo ba. Tana tsaye tana kallonsa har ya sha kwana, son shi na cin ranta, ga shi ba ta da wanda za ta zarga sai hannunta.

Daga cikin gida ta jiyo muryar Saja, a dashe, yana ce wa Mama ta share hawayenta ta shimfiɗa tabarmi, baƙi na nan tafe bayan coci.