Tamburan da Ba a Ɗaure Ba

Da kiɗa ya ƙare a cikin wani coci, makaɗa arba'in suka jira muryar Réjean Cloutier, mai ɗaukar sauti, ta lasifika, ya ce ya yi ko a sake. Shiru. Solange mai busa ƙaho ce ta leƙa ɗakin bayan cocin, inda yake ɗaukar sauti. Ta tarar da shi kife kan na'ura, an rotse masa ƙeya da sandar makirufo. Jini har bango, faifai kuwa sai juyawa yake.

Kafin Sufeto Ghislaine Thériault ta iso daga tsakiyar Montreal, 'yan sanda sun riga sun garƙama wa Solange ankwa. Hannunta jina-jina, kuma jiya kowa ya ji ta tana zagin mamacin. Ghislaine dai ba ta son laifin da ya zo da sauƙi haka.

Kowa da safa yake, domin katakon cocin yana ƙara, saboda haka ba wanda ya ji tafiya. Kiɗan Faransawa ne mai kashi uku, na tsakiya na masu goge ne zalla, minti shida. A wannan kashin, mutum biyu ne suka zauna ba aiki, can baya, ginshiƙi ya raba su: Solange da Normand Vachon mai tambura.

"Ina kake a minti shidan nan, Malam Vachon?"

"Kan kujerata, Madam. Shekara talatin ban taɓa makara ba."

"Ka ga Solange ta tashi?"

"Ni ba mai gadinta ba ne."

Ghislaine ta zaunar da madugun makaɗan, ta sa faifan da aka ɗauka da safe. A ƙarƙashin sautin goge ana jin abu biyu: Solange tana hura wa ƙahonta iska don kada sanyi ya kama shi, da wani ɗan tif-tif na yatsa kan fata.

"Normand ne," in ji madugu. "A nan yake sake ɗaure tamburansa don sautinsu ya dace da kashi na uku."

Aka sa faifan ƙarshe, wanda ake ɗauka lokacin kisan. Numfashin Solange na nan, daga farko har ƙarshe. Tif-tif babu. Da tambura suka shigo, madugu ya yamutse fuska kamar ya tauna tsakuwa.

"Wannan ɗaurin kashin farko ne. Bai taɓa su ba."

Ghislaine ta juya ga Normand. "Ka ƙirga lokacinka daidai, ka je ka fasa masa kai, ka dawo kan kari. Ɗaurin ne ba ka samu sararin yi ba. Cire safarka."

Tafin safar ya yi baƙi da jini.

"Cewa Réjean ya yi zai gaya wa kowa kunnena ya mutu," in ji Normand. Ana kwance wa Solange ankwa, ya dubi madugu. "Sautin ya kauce sosai?"

"Sosai, Normand."

Ya miƙa hannuwansa a sa masa ankwa.

"Ni ban ji ba."