Kwando Mai Jan Ƙyalle

Mufida na zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa, amma rabin hankalinta na kan rediyon da ta jingina da turmi. Ba a daɗe da yanke jihar Kebbi daga Sakkwato ba, kuma tun da wani gidan rediyo ya ɗauki Almustapha ya zama wakilinsa a ƙasar Yauri, labaran yamma ba su taɓa wuce ta ba. Bayan girbi za a ɗaura musu aure.

"Ke ɗiyar nan! Tsakuwa a faranti, shinkafa a ƙasa?" in ji Gwaggo Delu, ƙanwar mahaifinta. "Ki yi haƙuri a kai ki ɗakinsa, sai ki saurare shi ba batir."

Inna ta yi dariya daga bakin murhu. "Ƙyale ta, Delu. Ni Jibrin nike jira. Jirgin Wara ya kamata ya iso tun la'asar."

Jibrin yayan Mufida ne, shi kaɗai ne namiji a ɗakin Inna. Busasshen kifi yake sarowa a kasuwar Wara yana kawowa Yelwa.

Muryar Almustapha ta fito. Mufida ta fara murmushi, sai ta ji muryar na rawa.

"Wani jirgin ruwa ɗauke da 'yan kasuwa daga Wara ya kife kusa da Yelwa. Masunta sun ceto mutane da yawa. Cikin waɗanda suka rasu akwai Jibrin Maliki, mai sana'ar kifi…"

Ludayi ya suɓuce daga hannun Inna. Ta miƙe kamar za ta je wani wuri, ta ce, "Mi ya ce?" Kafin Mufida ta kai gare ta, ta zube.

A asibiti aka kwana da ita. Likita ya ce jininta ne ya hau lokaci guda, ɓarin jikinta na hagu ya saki, harshenta ya yi nauyi.

Washegari aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Malam Maliki, mahaifin Mufida, na karɓar gaisuwa ido jawur, ko gawa ba a gani ba. Da hantsi wata motar kaya ta tsaya a bakin titi, wani saurayi ya diro yana shan rake. Ya dubi taron, ya yar da raken.

"Subhanallahi! Baba, wa ya rasu?"

Maza suka daskare. Matan da ke zaure suka watse da kururuwa, Gwaggo Delu har da barin takalmi. Daga bayan ƙyaure ta leƙo. "Jibrin, kai ne ko ba kai ba ne? Yi magana da sunan Allah!"

Ashe ya loda kwandunansa a jirgi, sai ya ce bari ya leƙa gidan su Halimatu, budurwarsa, ya gaishe ta. Hira ta yi daɗi, jirgi ya tafi ya bar shi. Ba mota sai da safe, ya kwana a tasha bai san an yi makokinsa ba.

Rana ba ta yi tsaka ba Almustapha ya iso, rikoda a rataye, fuska duk ta zabge. Ya durƙusa gaban Malam Maliki. Mufida na tsaye a bayan zaure, tana jin komai.

"Ka ga gawarsa?"

"Ban gani ba, Baba. Kwandonsa na gani yana yawo a kan ruwa, da jan ƙyallen da yake ɗaurawa. Da hannuna na taɓa taya shi ɗaura shi. Kowa a bakin ruwa ya ce tunda ga kayansa, to yana ciki. Na ruga ofishin waya, edita na jirana…"

"Kwando!" Malam Maliki ya daka tsawa. "Kwando ka gani ka kashe min ɗa! A bakin ruwan ga aka haife ka. Ba ka san ba a kiran sunan wanda ruwa ya ci sai Sarkin Ruwa ya fito da shi ba? Ba ka san uwa ba ta jin irin wannan daga bakin akwati ba? Kakan Mufida mai shela ne tun kafin dam ɗin Kainji ya tashi garuruwa. Ƙafa ce rediyonsa, maƙogwaro ne lasifikarsa, amma bai taɓa shelar mutuwa ba sai an shiga gidan an faɗa. Gidana na nan kusa da ofishin wayar, ka wuce shi da gudu!"

"Baba, ka yafe…"

"Tashi. Delu za ta mayar muku da kayanku."

Mufida ta toshe baki da gyale, ta ruga ɗaki.

Ta kasa zama, ta kasa ci. Ta ga Inna a kwance ta ji haushin Almustapha har wuya, ta tuna yadda muryarsa ta yi rawa sai tausayi ya kama ta. Ranar da ta kai wa Inna kunu, ta tarar da shi tsugune a ƙofar asibiti.

"Mufida, wallahi sori. Tsaya ki ji ni."

"Na ji ka ai. Duk ƙasar Yauri ta ji ka."

"Za a gyara labarin. Wani abokin aikina ya ce a ce layin waya ne ba kyau, ko a ce wata majiya ta yaudare mu. Wani zai karanta a ƙarshen labarai, shi ke nan."

"Layin waya ne ya ga kwando?"

Ya sunkuyar da kai. "Edita ya ce in na amsa da bakina cewa ban tabbatar ba, doka ce, sai an dakatar da ni. Kuma Baba zai iya kai mu kotu, maganata ta zama shaida. In na rasa aikin, da me zan koma gabansa?"

"Almustapha, ban yi boko mai nisa ba. A tsofaffin jaridun da Jibrin ke naɗe kifi na ƙarasa koyon karatu. Na sha gani, a ɓata mutum da manyan baƙaƙe a shafin farko, a wanke shi da 'yan ƙanana a can ƙasa inda ba mai dubawa. Ba na so ka zama irinsu. Muryar da ta kashe yayana ita za ta raya shi, kuma a farkon labarai. In ka laɓe bayan layin waya, ko Baba ya yafe, ni ba zan iya zama da kai ba."

Ta shige ta bar shi.

Da yamma ta ajiye rediyo kusa da gadon Inna. Aka buga taken labarai, sai muryarsa.

"Sunana Almustapha, wakilinku na Yauri. Na faɗa muku Jibrin Maliki ya rasu. Yana raye. Ban ga gawa ba, ban tambayi hukuma ba, ban je gidansu ba. Laifin nawa ne ni kaɗai. Ina roƙon gafarar mahaifiyarsa, wadda ke kwance a asibiti saboda maganata."

Hawaye suka gangaro ta gefen idon Inna.

Aka dakatar da shi. Malam Maliki bai je kotu ba, amma bai sauko ba. Girbi ya zo ya wuce. Kowace Juma'a Almustapha zai zo gaisuwa, Malam ya juya masa ƙeya. Duk da haka Almustapha ke samo motar da ke kai Inna ganin likita, yana tsayawa nesa. Gwaggo Delu kuwa kullum da sabon labari.

"Ɗan mai shinkafar Shanga ya sake aiko neman aurenki. Yaro da babur sabo! Ke kina nan kina jiran mai kashe mutane da baki."

"Gwaggo, ba zan saɓa wa Baba ba. Amma ba zan ce ina son wanda ba na so ba. Zan jira."

Ta rame, gyalenta har yana zamewa. In ta ji taken labarai sai ta tashi ta rasa inda za ta sa kanta.

Da damina ta dawo aka mayar da Almustapha aiki. Wata rana iska ta taso a tafki, aka tsinci kwalekwale a kife. Malam Maliki na bakin ruwa yana sayen kifi lokacin da taro ya haɗu.

"Na Cindo ne! Ga tarunsa nan!" mutane ke ta faɗi. "Ɗan rediyo, ruga ka faɗa!"

Wani ɗan jarida da ya zo daga birni tuni ya rubuta sunan ya hau babur. Almustapha bai motsa ba. Ya je ya tsuguna gaban Sarkin Ruwa, ya yi tambayoyinsa, sannan ya tafi ofishin waya a tsanake. Da masu nutso suka fito da gawar, Malam Maliki ya ga Almustapha ya saka rikodarsa cikin jaka, ya bi bayan dattawa zuwa gidan mahaifiyar Cindo, ya tsaya a waje kansa a ƙasa.

Malam ya dawo gida ya tarar ana labaran yamma. Muryar Almustapha ce, wadda ya aika tun kafin a ga gawar.

"Ana neman wani masunci a tafkin Kainji. Ba za mu faɗi sunansa ba sai an tabbatar da halin da yake ciki, an kuma sanar da iyalinsa."

Malam ya saurara har ƙarshe. Can ya yi gyaran murya.

"Delu, kayan nan da kika mayar…"

"Yaya, an kusa shekara!"

"To ki je ki ce su dawo da su."

Mufida ta saki tsintsiya ta rufe fuska. Inna, wadda ke zaune jingine da bango, ta buɗe baki da nauyin harshenta: "A gaya masa… ranar ɗaurin aure… sai ya ga an shafa fatiha… kafin ya faɗa a rediyo."

Gidan ya kaure da dariya, Jibrin har da riƙe ciki. Mufida na dariya tana kuka.

Haka haƙurinta ya kai ta ɗakin wanda take so, ba ta saɓa wa iyaye ba, ba ta kuma yarda an rufe gaskiya don a ceci soyayya ba. Duk wanda aka ba amanar kai labari ya tuna cewa bayan kowane suna akwai uwa da ke saurare. Ya tabbatar kafin ya faɗa, in kuma ya yi kuskure, ya gyara da muryar da ya yi ɓarnar.