Ruwa Mai Ƙamshin Jema

Tun da aka kawo Isfekta Mainassara komisariyar 'yan sanda ta Magariya ya ji ƙarar sata iri-iri, daga ta raƙumi har ta buhun gujiya. Amma bai taɓa jin an saci ruwa an bar kwalba ba sai ranar nan ta kasuwar Dungas.

"Ruwa fa kika ce, Madam?" ya sake tambaya a waya.

"Ruwa na ce, Isfekta. In dariya za ka yi, ka yi ta a hanya. Akwai yarinya kwance a asibiti."

Bai yi dariyar ba. Ya hau babur.

Rana ta karkata lokacin da ya isa lakwal, wato makarantar firamare ta Kwarin Jiga. Azuzuwa a rufe, fili shiru. A bakin biro, ofishin direkta, wata budurwa ce tsaye, farar rigar aiki a kan atamfa, ta rungume akwatin sanyi kamar mai tsoron a ƙwace mata jariri. Ita ce ta kira shi a waya, Zahara'u Habu, ma'aikaciyar ɗakin gwajin ruwa daga Damagaram. Mainassara ya dube ta sau ɗaya, zuciyarsa ta yi wani irin tsalle da bai ba ta izini ba. Ya gyara hula, ya ɗaure fuska.

Ta yi masa bayani a gaggauce. Wata 'yar aji biyu mai suna Amira ta daɗe tana ciwon ciki, karatu ya daina zama a kanta, daga baya ta fara jijjiga. Likitan Magariya ya samu gubar dalma a jininta, ya kuma samu kaɗan a jinin wasu 'yan ajinsu. Shi ne aka rufe pampon lakwal, aka turo ta ta gwada ruwan.

"Da sassafe na ɗiba daga shato, wato tankin lakwal, ruwan da ya kwana a ciki, don shi ke faɗin gaskiya. Na liƙe bakin kwalabe, na ajiye su a nan, na tafi lakwal ɗin gaba. Da na dawo sai na ga liƙin ya karkace. Ni ba na liƙi a karkace."

"Ki sake ɗiba mana."

"Daga ina? An zubar da ruwan shaton kaf. Kuma da ban lura ba, da waɗannan na kai Damagaram. A ce ruwa lafiya lau, a buɗe pampo, yara su koma sha. Likita ya ce maganin Amira aikin banza ne muddin ba a san inda gubar ke fitowa ba."

Mainassara ya buɗe kwalba ɗaya, ya kai hanci.

Ƙamshi ne siriri, mai sanyi, irin wanda ke maida babban mutum yaro. Nan take ya ga tsakar gidansu a Gure, ya ga mahaifiyarsa ta kife randa a kan garwashi tana turara ta.

"Ruwan shato yana ƙamshi, Madam?"

"Ƙarfe yake wari."

"Wannan kuwa saiwar jema ce da hayaƙin hano. Daga randar wani gida aka ɗebo shi."

Ta karɓa ta sunsuna, ta ɗago ido ta dube shi. A karo na farko ta yi murmushi.

"Ashe hancin ba na ado ba ne."

Direktan lakwal, Malam Rilwanu, yana zaune a ɗakinsa na bayan azuzuwa yana ta share gumi. Saurayi ne, bai daɗe da zuwa garin ba.

"Makullin biro yana hannun wa?"

"Hannuna, Shef. Bai taɓa barin aljihuna ba. Yau ko nan da can ban je ba."

"Madalla. Ko za a taimaka mini da ruwa? Hanya ta busar da ni."

Rilwanu ya tsiyayo daga wani bido, jarkar roba mai ruwan ɗorawa. Mainassara ya kurɓa. Ɗumi, da ɗanɗanon roba. Ruwan tuzuru, babu hannun mace a kansa. Ya ajiye kofin, idonsa ya sauka a kan wata leda a gefen katifa.

"Tumatir ɗin nan jajir, da sabon takalmi ko ƙura bai taɓa ba. Kasuwar Dungas ce ta biyo ka har ɗaki?"

Rilwanu ya dubi ledar.

"Na ɗan leƙa ne, Shef. Kabu-kabu na hau, ban jima ba."

"Makullin fa?"

"A saman ƙofa nake barin shi."

"Wa ya san da haka?"

"To... kowa."

"Ka bar shaidar gwamnati a hannun kowa, sannan ka yi mini ƙarya. Kada ka bar gari."

Shaton yana bayan fili, tankin ƙarfe ne a kan dogayen ƙafafu, tsatsa ta ci gindinsa. Ƙasan wurin ya jiƙe sharkaf. Mai gadi, Baba Ɗanasabe, yana tsugune a inuwa yana jan carbi da sauri fiye da yadda ake jan carbi.

"Baba, ina ruwan ya tafi?"

"Yoyo, ranka ya daɗe. Tsohon abu ne."

"An taɓa gyara shi?"

"Tun da nake, hannu bai taɓa shi ba."

"Yau ba ka ga kowa ba?"

"Daga ni sai awaki."

Mainassara ya sha daga tulun tsohon. Ruwa ne mai ɗanɗanon ƙasa, babu ƙamshin komai. Ya cire takalma ya hau tsani, ya buɗe murfin, ya haska ciki da wayarsa.

A can ƙasan tankin akwai wani faci mai faɗin faifai, launin toka. An kankare gefensa yau-yau, wurin yana ƙyalli kamar azurfa. Wanda ya fara aikin ya gaji ya bari. Mainassara ya zira jiki ya tsinto ɓarɓashi, ya sauko ya zuba wa Zahara'u a tafin hannu. Ta danna da farce, abin ya lotsa.

"Dalma ce," ta ce. "An narka ta an toshe ɓula. Inna lillahi! Yara suna shan wannan kullum."

"Baba, awaki ne suka yi facin?"

Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Ranka ya daɗe, ko ɗaure ni za ka yi, bakina ba zai kira sunan mutumin kirki ba. Don Allah ya yi."

Mainassara bai matsa ba. Tsoho irin wannan, in ka ja shi tsinkewa zai yi. Amma ya samu abu biyu: mai facin ɗan gari ne da ake jin kunyarsa, kuma akwai randa mai ƙamshi a gidansu.

"Gida-gida za ka bi kana roƙon ruwa?" Zahara'u ta tambaye shi suna tafe. "Kafin ka gama cikinka ya zama shato."

"Baƙo ba ya roƙon ruwa a ƙasar nan, ba shi ake yi. Mu fara da gidan su Amira. Ko ba komai a yi musu sannu."

Gidan yana bakin hanya, da 'yar rumfa a waje cike da tsoffin ƙarafa da kawunan pampo. Mainassara ya rage tafiya. A bayan rumfar an jibge ƙwaryar baturan mota, duk an fasa su, an kwashe cikinsu. Zahara'u ma ta gani, ta kama bakin gyalenta ta matse.

Wata dattijuwa ce ta amsa sallama, kakar Amira, wadda duk gari ke kira Goggo. Idanunta sun kumbura don kuka, amma hakan bai hana ta shimfiɗa tabarma ba.

"Sannunku da rana, 'ya'yan nan. Ku jiƙa maƙoshi tukuna, magana ba ta gudu."

Ta kawo ruwa a kwanon sha mai murfi. Tun kafin ya kai baki, Mainassara ya ji abin da yake tsoron ji. Jema da hano. Ya so a ce hancinsa ƙarya yake yi. Ya sha, ruwan ya sauka da sanyi, zuciyarsa kuwa ta yi nauyi kamar an ɗora mata dutse. Ya miƙa wa Zahara'u. Ta kurɓa, ta rufe ido.

"Goggo, wannan ruwa haka! Duk garin ake yin sa?"

Tsohuwar ta ɗan saki fuska.

"Wa? Matan yanzu da bido suka sani? Ni kaɗai ce. Uwata Babarbariya ce, a wurinta na gada. Duk Juma'a sai na turara randata. Ita Amira ma cewa take ruwan lakwal ba daɗi, ni kuwa in ce mata sha, na gwamnati ne, ya fi namu tsabta." Hawaye suka zubo mata. "Ni da bakina nake ce mata ta sha."

"Ina mahaifinta?"

"Mas'udu? Yana ɗaki. Da hantsi ya shigo ya cika buta daga randa ya fita, ya dawo hannu duk jini. Wai ƙarfe ne ya yanke shi."

Labule ya motsa. Wani dogon mutum ya fito, hannun damansa naɗe da tsumma. Shi ne Mas'udu mai gyaran pampo, shugaban kwamitin iyayen yara. Ya gaishe su ba tare da ya dubi idon kowa ba.

"Malam Mas'udu, ina ka yini?"

"Kasuwa."

"Goggo ta ce da hantsi kana gida."

"Tsufa ne, ta rikice."

"Ni ce na rikice, Mas'udu?" Goggo ta ce, tana dubansa da mamaki.

Mainassara ya ciro kwalba daga akwatin, ya ajiye ta kusa da kwanon sha.

"Wannan an ce ruwan shato ne. Wannan kuwa na randar mahaifiyarka. Sunsuna su."

Mas'udu ya sunsuna ɗaya, ya sunsuna ɗayan.

"Ruwa ne. Ban ji komai ba."

"Goggo, ke fa?"

Tsohuwar ta kai kwalbar hanci. Ba ta ko ja numfashi na biyu ba.

"Wannan ai ruwana ne. Me ya kai ruwana cikin kwalbar gwamnati?"

Mas'udu ya dubi kwalbar, ya dubi uwarsa, sai ya zube a kan tabarma.

"Tun ina cikin tsumma nake shan sa," ya ce a hankali. "Wallahi ban taɓa sanin yana da ƙamshi ba."

"Faɗi sauran."

"Bara shato ya ɓule, yara suna yini da ƙishirwa. Aka rubuta wa hukuma, shiru. Na ce ina da hannu, 'yata tana ciki, me zan jira? Na fasa batur na narka dalma na toshe, yadda muke toshe bokiti da tukunya tun zamanin ubana. Liman har addu'a ya yi mini a masallaci. Da likita ya ce dalma, sai na ji kamar an soke ni. Na ce in kankare ta a ɓoye, in canza ruwan, kowa ya huta. Ta ƙi kankaruwa. Shef, ta yaya zan tsaya a gaban garin nan a ce ni na shayar da 'yata guba?"

"Da kwalaben nan sun isa Damagaram," in ji Zahara'u, idonta cike da ƙwalla amma muryarta a tsaye, "da an buɗe pampo. Da Amira ta dawo daga asibiti ta sake sha daga facinka. Kunyarka ka zaɓa a kan ranta."

Mas'udu ya rufe fuska da hannun nan mai tsumma, ya fashe da kuka irin na namijin da ya daɗe yana riƙewa. Goggo ba ta yi kuka ba. Ta matso ta tsaya a kansa.

"Facin farko kuskure ne, Allah ya gani. Na yau kuwa da idonka biyu ka yi. In da sauran abin da ka ɓoye, fito da shi yanzu, ko in yafe ka."

Ya ɗago kai.

"Akwai wasu biyu. Na toshe shaton wata lakwal a hanyar Mallawa, da wata a gefen Waca. Su suka zo suka roƙe ni, sun ji labarin aikina."

Zahara'u ta riga ta miƙe, waya a kunne, tana faɗa wa wani a rufe pampo biyu kafin yara su shiga aji gobe. A bakin ƙofa ta waiwayo.

"Isfekta, gobe zan bi hanyar Mallawa. Ban san wurin ba."

"Na san shi," ya ce, da sauri fiye da yadda ya so.

Ya juya ga Mas'udu. Ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, ya dubi hannun mai rauni, ya bar ta a inda take.

"Tashi mu je. Ka karya hatimin hukuma, ka ɓata shaida, mai shari'a zai ji sauran. Amma asibiti yana kan hanyar komisariya. Za ka tsaya ka faɗa wa likita da bakinka abin da ke jikin 'yarka, da tun yaushe."

Mas'udu ya miƙe. Har sun kai zaure Goggo ta biyo su da kwanon sha.

"Tsaya. Ba a fita gidana da ƙishirwa."

Ya karɓa da hannu biyu. Kafin ya sha, ya tsaya ya kai kwanon hanci, ya ja numfashi mai tsawo, yana neman abin da kowa ya ji ban da shi.