Bangon Kicin ɗin Umma

Tun da Umma ta ga tayil mai fure a kicin ɗin aminiyarta, ba a sake jin wata hira a gidan nan ba. Ranar Asabar kuwa sai ga kwalaye jibge a tsakar gida, manya-manyan tayil, kowanne da jan fure kamar faranti.

Auta, 'yar Umma, na wanke-wanke tana leƙen ƙofa, domin yau saurayinta, wanda kowa ke kira Mai Tayil, zai zo duba aikin. Shekara biyu suna son juna, Umma na ja musu rai, wai ba za ta ba lebura 'yarta ba. Yau ce ranar da zai samu shiga ko ya rasa.

A bakin ƙofa ta tare shi. "Plis, duk abin da Umma ta ce, ka ce ya yi. Ka ji?"

Ya durƙusa ya gaida Umma, sannan ya ja tef ɗin awo ya auna bangon kicin, daga kantar girki zuwa kabet na sama.

"Yaya ka gani?" in ji Umma, tana hura hanci.

"Umma, tayil ɗin yana da kyau, amma ya fi ƙarfin wurin. Tsayinsa santimita sittin, bangon arba'in da biyar. In aka yanke, furen za a fille wa kai. Ƙanana ne za su zauna, kuma a rufe bakin da ke wajen taga da siririn ƙarfe, kada ya yanki mutum."

"Iyye! Ba ka shigo gidan ba ka fara koya min zaɓe? Tashi ka ba ni wuri!"

Auta ta biyo shi waje hawaye shaɓe-shaɓe. "Kalma ɗaya na roƙe ka, ɗaya tak!"

"Ki yi haƙuri, Auta. Da na ce ya yi, kullum Umma ta tsaya girki sai ta ga ƙaryata manne a bango."

Haushinsa ta ji sosai, amma can ƙasan ranta ta san gaskiyarsa ce. Sati uku ba ta yi wa Umma musu ba, ba ta kuma daina kuka ba.

Yayan Auta ya kawo wani mai aikin, irin masu "an gama, Hajiya" tun kafin a gama magana. Kwana ɗaya ya manne komai ya tafi. Wayyo! Furanni a jere duk babu kai, wajen soket an cike da gutsattsari, bakin taga kuwa kaifi kamar reza. Umma ta dake, ta ce ita ya yi mata. A kwana na huɗu ta miƙa hannu za ta buɗe taga, bakin tayil ya tsarge mata damtse, jini har kan kantar girki.

Abba, wanda bai cika magana ba, ya ce, "Auta, kira min yaron nan."

Mai Tayil ya zo, bai ce uffan kan abin da ya wuce ba. Ya yi wa Umma sannu, ya shimfiɗa ƙananan fararen tayil a ƙasa, jeri iri uku: miƙaƙƙe, na ginin bulo, da na karkace.

"Umma, ke za ki zaɓa. Kicin ɗinki ne."

Ta daɗe tana kallo, sannan ta nuna na bulo da ɗan yatsa. Ya ɓamɓare na da, ya fara daga tsakiya don yankan gefe biyu ya zo daidai. A saman murhu, inda babu kabet, bango ya yi tsayi, sai ya zaunar da tayil ɗinta guda ɗaya, furen cikakke, ya zagaye shi da ƙarfe ruwan zinare.

Umma ta shafa bakin taga, sumul. Ta dubi furenta, idonta ya cika.

"Ɗan nan, na zage ka don ka faɗa min gaskiya, ka kuma rufa min asiri. Ka yafe ni." Ta juya wajen Abba. "Alhaji, a ce ya turo magabatansa."

Auta ta ruga ɗaki ta faɗa kan gado, dariya da kuka a haɗe.

'Yan mata, ku ji da kyau: saurayin da ya ƙi yi wa uwarki ƙarya don ya same ki, ke ma ba zai yi miki ba bayan ya same ki. Auta ta yi haƙurin sati uku, ta samu mijin zama na har abada.