Tikitin Nainai

Ƙawata Guilan, ajiye kwandon nan ki zauna kusa da ni. Ga shayi, na sa miki dabino biyu. Labarin Shuyan zan ba ki, 'yar mai shagon taliyar nan na bakin layinmu a nan birnin Yinchuan.

Shekarun Shuyan goma sha biyu. Yarinya ce mai kaifin basira. In wayar babanta ta rikice, ita ke gyarawa. Daga nan ta fara ganin babu abin da ba ta sani ba.

Kakarta ta wajen uba tana zaune tare da su. Nainai suke kiranta. A ƙauye ta tashi tana kiwon tumaki, kuma ba ta taɓa yin tafiya mai nisa ba.

Wata rana suna cin abincin rana, aka nuno wani wurin wasanni a talabijin. Sunansa Lambun Fitilu Dubu, can a wani babban birni na bakin teku. Ga dawakan katako suna juyawa, ga fitilu, ga kiɗa. Nainai ta ajiye tsinkayen cin abincinta.

Ta ce, "Da ina yarinya na ga hoton irin wannan a jikin kalanda. Na yanke shi na ɓoye ƙarƙashin shimfiɗa, har ɓera ya cinye. Ashe da gaske ana hawansu."

Baba ya dubi mahaifiyarsa. Sannan ya ce, "Hutun Oktoba za mu je, in sha Allahu. Ni da ke da Shuyan. Mama za ta riƙe shago."

Shuyan ta yi tsalle. Rana ɗaya a lambun, rana ɗaya a bakin teku! Ita ba ta taɓa ganin teku ba.

Baba ya ce, "Gobe sai mu je wajen Anti Ding ta shirya mana."

Kin san Anti Ding, mai ƙaramin ofis kusa da masallaci, wadda ke shirya wa mutane tafiya. Ita ke samo tikiti da masauki, a ba ta ɗan ladan aikinta.

Shuyan ta yamutsa fuska. "Haba Baba! Wa ke zuwa ofis yanzu? Duk 'yan ajinmu a waya suke yi. Minti goma na gama."

"Lokacin hutu ne, cunkoso ya yi yawa. Ga kuma tsohuwa."

Nainai ta ce, "Wace ce tsohuwar? Ni da nake riga ka tashi Asuba?"

Mama ta yi dariya, ta ce, "Ku bar gardama. Shuyan ta je ta ji abin da Anti Ding za ta ce. In ta dawo sai a yanke shawara."

Washegari da aka tashi daga makaranta, Shuyan ta biya ofishin. Anti Ding ta ba ta kujera, ta gyara tabarau, ta jawo takarda.

"Ku nawa ne?"

"Uku."

"Gwiwar Nainai tana iya doguwar tafiya? Ina za ku ci abincin halal? Ina za ta yi salla? Masaukin yana da nisa da ƙofar lambun?"

Shuyan ta fara kaɗa ƙafa. Ita dai ba ta yi tunanin ko ɗaya ba.

Anti Ding ta ce, "Sai ki kawo mini katin shaidar kowa. Ba na rubuta shekarun mutum sai na gani da idona."

"Ai mun san shekarunmu, Anti. Ni a waya, minti goma na gama komai."

"Kowa haka yake cewa, 'yata."

Ta miƙa mata ɗan kati mai lambar waya. Shuyan ta cusa shi a aljihun jakar makaranta don kada a ce ta yi rashin kunya.

Da ta koma gida ta ce, "Baba, tambayoyi kawai take yi kamar ranar jarrabawa. Ni zan iya."

Baba yana jan taliya, hannunsa duk gari. Mutane shida na jiran abinci. Ya ce, "Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"To, na ba ki amana."

Ranar Asabar da safe ta zauna da wayar. Ta samo tikitin jirgin ƙasa. Ta samo masauki. Gaskiya ta yi ƙoƙari. Da ta zo kan tikitin shiga lambun, sai ta ga akwai na musamman mai sauƙi, na tsofaffi masu shekara sittin da biyar zuwa sama.

Ta ɗaga murya. "Nainai! Shekarunki nawa?"

Daga kicin Nainai ta amsa, "Sittin da biyar cif. Duk layin nan na girme su."

Katin shaidar Nainai yana kan tebur, kusa da hannun Shuyan. Ba ta dubi ranar haihuwar ba. A ƙasan shafin akwai wasu ƙananan rubutu. Ni da na koyi karatu da girmana, irin waɗannan nake fara bi da yatsa. Ita kuwa ta wuce su, ta danna.

Da yamma Baba ya tambaye ta, "Kin duba komai da komai?"

Ta ce, "Na duba."

Ta san ba komai ta duba ba. Amma ta ce a ranta, me zai faru?

Ranar tafiya ta zo. Jirgin ya yi ta gudu da su. Nainai ta manne da taga, carbi a hannu, tana ta faɗin Subhanallahi in ta ga kogi ko doguwar gada. Suka sauka lafiya, suka kwana a masauki.

Da safe suka isa ƙofar lambun. Mutane kamar an zazzage shinkafa. Suka daɗe a layi. Ta saman katanga ana jiyo kiɗan dawakan katako.

Mai duba tikiti wata budurwa ce mai fara'a. Ta duba na Baba, ta duba na Shuyan. Da ta karɓi katin Nainai sai ta tsaya.

"Ki yi haƙuri, Kaka. Wannan tikitin na masu sittin da biyar ne. Katinki ya nuna sittin da uku."

Nainai ta ce, "Uku? Yarinya, sake dubawa. An haife ni saura kwana tara sabuwar shekara. Ranar da na zo duniya ina da ɗaya. Da shekara ta shigo na zama 'yar biyu. Haka uwata ta ƙirga mini."

Baba ya dafe goshi. Lissafin mutanen dā ke nan. Su tun ranar haihuwa suke ba jariri shekara ɗaya, su ƙara masa ɗaya duk sabuwar shekara. Kati kuwa daga ranar haihuwa zuwa ranar haihuwa yake ƙirga.

Baba ya ce, "To, a ba mu na manya mu saya."

Budurwar ta nuna wani allo. "Na yau sun ƙare tun jiya. Kuma ba a sauya tikiti a ƙofa. An rubuta a ƙasan shafin."

Suka fita daga layin. Nainai ta zauna a wani benci ƙarƙashin bishiya. Ta gyara farin mayafinta, ta yi murmushi.

"Ku shiga ku biyu. Ku ɗauko mini hoton dokin. Ai na ji kiɗan, ya ishe ni."

Wannan maganar ta fi faɗa zafi a wurin Shuyan. Hawaye ya zubo mata.

"Ba zan shiga ba, Nainai. Baba, laifina ne. Ka tambaye ni ko na duba komai, na ce na duba. Ban duba ba. Katin yana gabana, ban kalla ba."

Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na ji daɗi da kika faɗi gaskiya. Ni ma ya kamata in zauna kusa da ke ranar. Yanzu mene ne abin yi?"

Shuyan ta sa hannu a aljihun jaka neman abin share hawaye. Sai ta taɓo ɗan katin nan, duk ya lanƙwashe.

Ta miƙa wa Baba. Ya girgiza kai, ya ba ta wayar. "Ke za ki kira."

Kunya ta rufe ta. Amma ta dubi Nainai a kan benci, ta danna lambar.

"Salamu alaikum, Anti. Shuyan ce, 'yar mai taliya."

"Wa alaikumus salam. Mai minti goma?"

Shuyan ta sunkuyar da kai, ta faɗa mata komai.

Anti Ding ba ta ce ai na gaya miki ba. Tambaya ta yi, kamar kullum. "Akwai wanda ya shiga a cikinku?"

"Babu. Na ce ba zan shiga ba sai da Nainai."

"Madalla! Da kun shiga, da shi ke nan. Tikitin da ba a taɓa ba ana iya sauya shi kafin ƙarfe sha biyu na rana. Karanto mini abin da ke kan katin kakarki. A hankali."

Shuyan ta karanta. Ta sake karantawa, yatsanta a kan kowace lamba.

Suka jira. Nainai tana jan carbi. Can wayar ta yi ƙara.

"Alhamdulillahi, na samo muku na gobe, ku uku, na Nainai kuwa na mayar da shi na manya. Saura kaɗan su ma su ƙare. Amma ki sani, gobe ce ranar tekunku, kuma jibi da sassafe jirginku zai tashi. Yau kuwa hanyar tekun ta cushe, ba za ku kai Nainai ku dawo ba. Ɗaya za ku zaɓa."

Shuyan ta dubi Nainai. Ta daɗe tana mafarkin tekun nan.

Ta ce, "Lambun, Anti."

"To. Nainai ta ci wani abu?"

"Burodi kawai."

"Ku bi titin da ke hagu, layi na biyu. Akwai shago mai koren allo, mutumin garinmu ne. Abincinsa halal ne, kuma akwai ɗaki a sama da za ta yi Azahar."

Suka sami shagon yadda ta kwatanta. Baba ya ɗanɗana romon, ya raɗa wa Shuyan, "Bai kai nawa ba." Amma kwano biyu ya ci.

Washegari suka shiga lambun. Ba su tsaya ko'ina ba sai wurin dawakan. Nainai ta zaga, ta zaɓi fari mai jan sirdi. Baba ya ɗaga ta, Shuyan ta hau na kusa da ita.

Kiɗa ya tashi, dawakai suka fara juyawa. Nainai ta ƙanƙame sandar da hannu biyu. A zagaye na biyu ta saki hannu ɗaya. A na uku tana dariya har mayafinta na neman zamewa.

Da aka tsaya ta ce, "A sake."

Sau huɗu ta hau.

Shuyan ba ta ga teku ba a wannan tafiyar. Ta hango wani ɗan shuɗi daga tagar jirgi, kafin ta ce wani abu ya wuce. Ta ji babu daɗi, amma ba ta yi ƙorafi ba.

Da suka dawo, ta ɗauki kwanon taliya mai zafi ta kai ofishin Anti Ding. Baba ya bi ta da ladan aikin.

"Anti, ki yafe mini. Na raina tambayoyinki. Daga yau kowace tafiya ke za ki shirya mana."

Anti Ding ta yi dariya. "A'a, ba sai kowace ba. Jirgin da masaukin da kika samo, babu laifi a cikinsu. Tafiyar kusa, ranar da babu cunkoso, ki yi da kanki. Amma tafiya mai nisa, da tsohuwa, a lokacin hutu, ki zo mu duba tare."

"Nainai ta ce ita ba tsohuwa ba ce."

"Ai kuwa katinta ya goyi bayanta."

Ga darasin, ƙawata. Iya danna waya ba shi ne sanin komai ba. In an ba ka amana, ka duba da idonka kafin ka ce ka duba. Wanda ya san aiki kuma, in yana yi maka tambaya, kada ka gaji da shi. Taimakonka yake yi. Yanzu Shuyan ko takardar makaranta aka ba ta, daga ƙasa take fara karantawa.

Hoton Nainai a kan farin doki yana nan manne a bangon shago. Ta sa an rufe shi da gilashi saboda ɓera.

Darasin nan ki ba yaranki. Amma maganar sittin da ukun nan, don Allah ta tsaya tsakaninmu. Har yau Nainai ce ke zama a kujerar gaba in matan layinmu sun taru, don duk sun ɗauka ta girme su. Maƙwabciyarmu Tsohuwa Hai kuwa sittin da huɗu take, a kati. Kada ki gaya wa kowa.