Ɗakin Sautin Malama

Sufeto bai gama shan shayinsa ba Saje ya leƙo ofis ya ce an kawo ɓarawo, kuma ga alama waɗanda suka kawo shi sun gama yi masa shari'a tun a hanya.

Mutum uku ne a gaban kanta. Akwai dattijo mai furfura, mai kantin magani, wanda kowa ke ce wa Mai Kemis. Akwai ɗan ƙanwarsa, matashi mai tumbi da agogo mai ƙyalli, shi ya tsaya wa kawun nasa a kan ginin sabon gida har magina suka laƙaba masa Manaja. Sai wani siriri da wuyan rigarsa a yage, ana ce masa Mai Sauti, don sana'arsa ke nan, haɗa wa mutane lasifika a gidaje.

"Me aka sata?" in ji Sufeto.

Manaja ya yi caraf. "Amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ranka ya daɗe, da manyan lasifika biyu na gaba, da akwatin nan mai gurnani. Shi ya haɗa su jiya a sabon gidan Kawu, shi ya fita ƙarshe, yau an wayi gari babu."

"Baba, kai ka gan shi ya ɗauka?"

"Ban gan shi ba," in ji dattijon. Muryarsa a sanyaye take. "Amma ban san wanda zan kama ba in ba shi ba."

Mai Sauti bai yi rantsuwa ba, bai yi kuka ba. Ya ce ya bar kaya a haɗe, ya rufe ɗaki, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Iyakarta ke nan.

Aka sa shi bayan kanta. Babban Oga ya ce gobe da safe a kai shi kotu, magana ce a fili. Sufeto dai ya san abin da wannan ke nufi. Mai sana'ar shiga falon mutane, ranar da aka ji an tsayar da shi gaban alƙali kan sata, ko an wanke shi daga baya babu mai sake buɗe masa ƙofa. Ya ɗauki hularsa ya ce wa Saje ya tayar da mota.

Sabon gidan na warin fenti, ƙofofi ma ba a cire musu leda ba. Ɗakin da aka yi satar yana ƙarshen baranda. Labule masu kauri, kafet har bango, babban allo a gaba, sai kujera guda ɗaya tak a tsakiya. Ƙananan lasifika na nan a silin da bangon baya, ba a taɓa su ba.

Sufeto ya daɗe a tsaye yana kallo. Ya shiga gidajen masu kuɗi da yawa, ya ga wayoyi suna reto kamar kayan shanya. Nan kuwa ko sili ɗaya ba ka gani. Duk ta cikin bango aka bi da su, inda kowace ta fito an naɗa mata tef mai launi daban. Aiki ne na mutumin da ke jin kunyar a ga kuskurensa.

Ya tsuguna inda amfilifayar take a da. Wayoyin a yanke suke, dab da bango, bakinsu duk ya tsefe kamar an yi da wuƙa marar kaifi. Ya tashi ya je bayan wata ƙaramar lasifika, ya murɗa ɗan kan da ke riƙe da waya da yatsu biyu. Wayar ta zame ta fito salin alin.

"Saje, in kai ka ɗaure akuyarka da hannunka, ranar tafiya kwancewa za ka yi ko yanke igiyar?"

"Oga, ni albashina bai kai akuya ba."

"To ka yi tunanin ya kai. Wanda ya sha wahalar zura waɗannan wayoyi a bango ya san da yatsu biyu ake cire su. Wanda ya yi wannan bai sani ba."

Mai gadi na zaune a bakin get yana gyaran tocila.

"Bayan Mai Sauti ya tafi, wa ya shigo?" in ji Sufeto.

"Babu kowa, yallaɓai. Ko kaza."

"Mota fa?"

"Babu."

Sufeto ya nuna masa yashin da magina suka bari a bakin get. Sawun taya mai faɗi ya bi ta kansa, shiga da fita.

"Babur ɗin Mai Sauti ne ya yi ƙiba haka?"

Mai gadi ya ajiye tocilar. Ya ce gaskiya Manaja ya zo da akori-kura kafin faɗuwar rana, wai zai kwashe ragowar tayil. Ya ba shi na shayi, ya ce kada a dami Kawu da ƙananan maganganu.

"Ka ga tayil ɗin?"

"A lulluɓe yake da bargo."

"Tun da kake gadi ka taɓa ganin tayil mai jin sanyi?"

Mai gadi ya sunkuyar da kai.

Daga nan suka wuce tsohon gidan da iyalin ke shirin bari. Kwalaye ko'ina. A tsakiyarsu matar Mai Kemis na zaune tana naɗe cokula a tsumma, hannunta na aiki fuskarta na kallon bango. Tsohuwar malamar makaranta ce, ciwon suga ya tafi da idonta shekarun baya, har yanzu Malama ake ce mata.

"Ku biyu ne," ta ce tun kafin su yi sallama. "Ɗayanku takalminsa na kuka. Ku zauna a kwalin littattafai, shi ne ba zai lotsa ba."

Saje ya dubi takalminsa.

Sufeto ya tambaye ta yadda aka yi aka sayi kayan. Ta ce mijinta ne ya nace. Tun da idonta ya tafi ta daina zama a gaban talabijin, don murya duk daga rami ɗaya take fitowa, ba ta sanin wa ya shigo wa ya fita. Shi kuwa ya ce in ya yi sabon gida sai ya yi mata ɗakin da za ta riƙa kallo da kunne.

"Muka tafi kanti da maigidana da yaron nan Manaja, Mai Sauti ya raka mu. Shi Manaja so yake a sayi wasu ƙatti masu fitilu, in an kunna har haƙorinka ya yi rawa. Mai Sauti ya ce ba Manaja ne zai zauna a ɗakin ba, ni ce. Ya zaunar da ni, ya kashe allon kowa ya zama irina, ya riƙa sauya mana kala-kala. Wata ƙara ce kawai. Wata kiɗan ya danne magana. Da ya zo kan wadda muka ɗauka, aka sa ruwan sama, sai na ji yana zuba a kaina, wata mata na magana a gabana, wani ya buɗe ƙofa a bayana ta hagu. Wallahi sai da na juya."

Ta yi dariya, sannan ta daina.

"Jiya da safe a sabon gidan, Mai Sauti ya zaunar da ni a kujerar ya auna tsayin kunnena daga ƙasa da tef. Ni dai ban ga fuskarsa ba, Sufeto. Amma na koyar da yara shekara da shekaru, na san mai son aikinsa."

"Manaja fa, me yake yi ban da gini?"

"Gidan kallon ƙwallo ya buɗe a bayan tasha. Ni na raine shi tun yana rarrafe. Ya ce mini kasuwa ba ta tafiya, wani ya buɗe kusa da shi ya kwashe masa mutane."

Sufeto ya tura Saje sanye da kayan gida ya leƙo wurin. Ya dawo yana kaɗa kai. Kayan na can, an ɗora amfilifayar a kan katako, sauti har titi. Sai dai an kankare lambar da ke bayanta tas, kuma Manaja na gaya wa kowa cewa ta hannu ya saya, irinta ta cika kasuwa.

Gaskiya ne, irinta ta cika kasuwa. Sawun taya da bargo ba za su ishi alƙali ba. Sufeto ya sa aka fito da Mai Sauti aka kawo masa ofis.

"Na ga wata amfilifaya irin taka, ba lamba. Ta yaya zan san ita ce?"

"Ba tawa ba ce, yallaɓai, ta Malama ce. Kuma ta san ta."

"Wa ta san wa?"

Mai Sauti ya gyara zama. Ya ce shi a ƙa'idarsa ba ya barin gida sai mai kayan ya iya kunna su ba tare da ya kira shi ba. Malama ba ta ganin rimot, maɓallai kuma sun yi yawa. Saboda haka ya haɗa amfilifayar da wayar salularta ta bulutut, ya saita ta yadda duk lokacin da wayar ta matso kusa ta fara magana, amfilifayar za ta saki duk abin da take yi ta koma wurinta.

"Ko ana tsakiyar kallo?"

"Ko me ake yi. Ɗakinta ne."

"Me ya sa ba ka faɗa tun da safe ba?"

"Da safe wuyana ake riƙe da shi, yallaɓai."

Da la'asar akwai babban wasa. Gidan kallon ya cika har bakin ƙofa, rumfar kwano ce da bencuna, zafi kamar gidan burodi. Amma sautin, ko Sufeto sai da ya jinjina. Kana jin bugun ƙwallo a ƙirjinka.

Manaja na bakin ƙofa yana karɓar kuɗin shiga. Ya ɗaga kai ya ga Sufeto, ya ga kawunsa, ya ga Malama riƙe da gwiwar hannun mijinta.

"Mama, me ya kawo ki nan? Wurin maza ne, ga hayaniya."

"Ƙwallo na zo ji. An hana makafi ne?"

"Waɗannan kayan fa?" in ji Sufeto.

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Na hannu na saya. Kawu, ka san ai ba za a rasa kama ba."

Daidai nan alƙalin wasa ya ba da fenariti. Rumfa ta yi tsit, mai sharhi na ta zuba, ɗan wasa ya ja da baya. Malama ta zaro wayarta daga jaka, ta shafa ta da babban yatsa.

Muryar mai sharhi ta ɗauke ɗif. A madadinta sai muryar wata mace ta cika rumfar, daga dama, daga hagu, har kwano na amsawa.

"Mama, ina kwana. Baba ya ce jiya ma kin sa suga a shayi kin ce zuma ce. Kada ki musa. Kuma ki daina ɓoye alewa a cikin kwalin magani, duk mun sani."

Saƙon murya ne da 'yarta ta turo mata tun da safe. Ƙwallo ta shiga raga a allo babu wanda ya ji. Maza suka miƙe suna waige-waige, wani daga baya ya ce, "Wace Mama kuma? A ba ta alewarta a mayar mana da wasa."

Mai Kemis bai yi dariya ba. Ɗan ƙanwarsa yake kallo.

"Wanda ya sayar maka," in ji Sufeto, "har da wayar Malama ya haɗa maka?"

Manaja ya jingina da ƙofa. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya ce aro ya yi. Ya ce in wannan wasan ya wuce shi da tsohuwar lasifikarsa mai shaƙewa, rufe wurin zai yi. Nufinsa bayan wasa ya mayar, sai Kawu ya riga shi zuwa gidan da safe, shi kuma ya rasa abin faɗa, ya ga Mai Sauti ya shigo.

"Kayan ka ara," in ji Sufeto. "Mutumin da ka shaƙe ka kawo mini, shi ma aronsa ka yi?"



"Da ka roƙe ni da na ba ka," in ji Malama. Ba ta ɗaga murya ba. "Ka sani sarai da na ba ka."

Saje ya sa masa ankwa. 'Yan kallo suka dare suka ba da hanya, aka wuce da shi zuwa mota kansa a ƙasa.

Sufeto ya ce a cire kayan, shaida ne. Malama ta ɗaga hannu.

"Bayin Allahn nan sun biya kuɗinsu, ba su saci komai ba. A bari a tashi."

Ta kashe wayarta. Muryar mai sharhi ta dawo, rumfa ta ɗauki sowa. Wani ƙato ya matsa ya ba ta gefen benci, ta zauna ta tambaye shi su wa ke ci.

Sufeto ya bar kofur ɗaya ya tsare kayan, ya fita waje inda ake jin magana, ya kira ofis.

"A buɗe wa Mai Sauti. Kada a rubuta masa komai. Kuma ka ce ya ɗan jira, akwai dattijon da ke tafe zai ba shi haƙuri a gaban kowa."